Fashin baƙi: Me "booze" take nufi, kuma daga ina Turawa suka samo ta?

Shin kalmar "booze" sunan wani mai sayar da wiski ne a Amurka, ko Larabci ce Turawa suka lanƙwasa ta dace da bakinsu, ko kuwa tasu ce tun kaka da kakanni? Tambayar takan taso a Facebook da zaurukan WhatsApp duk lokacin da wani ya ɗora jerin kalmomin Turancin da ya ce an kwaso su ne daga Larabci, kuma sau da yawa amsar da ta fi daɗin ji ita ake ta turawa gaba. Akwai kuma wata tambayar da ta fi wannan amfani ga ɗalibinmu da ke karatu a Ingila, ko ɗan kasuwar da aka gayyata walima a ƙasar waje: idan ka ga kalmar, ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta, a katin gayyata ko a takardar jerin abinci, me ake gaya maka?

Ma'anarta a bakin masu ita

Ana furta ta "buuz", da jan wasali. Kalmar hira ce da ke nufin duk abin sha mai sa maye, ba tare da bambance iri ba: giyar kwalba, ruwan inabi mai bugarwa, wiski, jin, duk ta kwashe su. A Amurka wasu sukan fi karkata ta ga masu ƙarfi irin su wiski, amma ko a can idan an ce za a kawo "booze" wurin biki, kowa ya san giya ake nufi, kowace iri ce.

Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, kuma a nan ne nauyinta yake. In aka ce mutum yana "boozing", ba kurɓa ɗaya ake nufi ba. Ɗirka ake nufi, sha na wuce ƙa'ida, irin wanda ake kwana ana yi. Wannan ma'ana ta wuce gona da iri tana manne da kalmar tun ranar da ta shigo Turanci.

Ba ashar ba ce, ba kuma zagi ba ce. Jaridun Ingila suna son ta a kanun labarai saboda haruffa biyar ne kacal. Amma likita ba zai rubuta ta a takardar asibiti ba, alƙali ba zai sa ta a hukunci ba, kuma ɗalibin da ya sa ta a rubutun jarrabawa ya rage wa kansa maki. A irin waɗannan wurare "alcohol" ake cewa. Sai kuma a kula kada a haɗa ta da "buzz", mai gajeren wasali, wadda asalinta ƙugin ƙudan zuma ne, masu sha kuma suke amfani da ita ga jirin farko kafin a bugu sosai.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da giya da barasa a matsayin sunaye na kai tsaye, sannan ga na hira: ya kwankwaɗi kwalba, ya yi tatil, ya yi mankas, ya yi marisa. A kudancin Najeriya ana jin "shayo" da "ogogoro" da "kai-kai". "Booze" a wannan sahu take.

Labarin kwalbar Booz

Labarin da ya fi yawo shi ne na wani ɗan kasuwa a birnin Filadelfiya mai suna Edmund G. Booz. Mutumin gaskiya ne, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Yana sayar da wiski a cikin wata kwalba da aka ƙera da siffar bukkar katako, mai rufi da ƙofa da tagogi. A jikin gilashin an zana sunansa, da adireshin shagonsa, lamba 120 a titin Walnut, da kuma shekarar 1840. Har yau masu tara tsofaffin kwalabe suna neman ta ruwa a jallo, har an yi ta buga na jabu.

Waccan shekara da waccan bukka suna da tarihi. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1840, wata jarida ta abokan hamayya ta yi wa ɗan takara William Henry Harrison ba'a, ta ce a ba shi gangar giyar tuffa da ɗan kuɗin fansho, zai zauna a bukkarsa ta katako har ƙarshen ransa. Mutanensa suka karɓe ba'ar suka mayar da ita tambarin yaƙin neman zaɓe, suka nuna shi a matsayin na talakawa, ya kuwa kayar da shugaba mai ci, Martin Van Buren. Daga nan aka ɗinka labarin cewa an rarraba wiskin Booz a tarukan siyasar, mutane suka riƙa cewa a miƙo musu "Booz", har sunan ya zama na giya baki ɗaya.

Dalilin da ya sa labarin yake shiga rai shi ne irinsa ya taɓa faruwa. Kalmar "grog", wadda ke nufin giyar rake da aka sirka da ruwa, daga laƙabin wani kwamandan sojan ruwan Birtaniya ta fito, Edward Vernon, wanda a 1740 ya ba da umarnin a riƙa sirka wa matuƙa rabonsu da ruwa. Suna kiransa "Old Grog" saboda wata alkyabba mai kaushi da yake yawan sawa. Ita ma "boycott", wato ƙaurace wa mutum, sunan Charles Boycott ne, wakilin mai gonaki da manoman Ayalan suka juya wa baya a 1880. To mai jin labarin Booz sai ya ce ai ga na uku.

Sai dai lissafin shekaru ya ƙi. Masu nazarin kwalaben sun sa ƙirarsu a wajajen 1860, shekaru kusan ashirin bayan zaɓen. Abin da ya fi wannan ƙarfi kuwa, a cikin garin Filadelfiyar ita kanta, a watan Janairun 1737, Benjamin Franklin, marubuci kuma mai buga jarida, ya buga wani jeri a jaridarsa ta Pennsylvania Gazette, na kalmomi da jimloli sama da 200 da mutanen zamaninsa suke faɗa idan mutum ya bugu. A ƙarƙashin harafin B akwai "Boozy" da "Bowz'd". Ke nan kalmar tana bakin mashayan garin fiye da shekara ɗari kafin a hura kwalbar farko ta Booz. Iyakar abin da za a iya ba shi shi ne ya yi sa'ar suna da ya dace da sana'arsa, wataƙila kuma kwalabensa sun ƙara wa kalmar farin jini.

Inda sawun ya kai

Idan aka bi tsofaffin rubuce-rubuce, sawun yana komawa wajajen shekarar 1300. A Turancin wancan zamani ana rubuta ta "bouse" ko "bous", kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinta wata waƙar habaici ce da aka rubuta a Ayalan, inda mawaƙin yake zargin wasu malaman coci da cewa ba abin da suka ƙware a kai sai zurfafa sha. Manyan ƙamusoshin Turanci sun haɗu a kan cewa an aro ta ne daga tsohon harshen Holan, daga aikatau "busen", wato shan giya fiye da kima. Wasu masana suna danganta wannan da sunan wani babban ƙoƙon sha a harshen.

Me ya haɗa Turawan Ingila da mutanen Holan har aka yi aron? Kasuwanci, kuma na ƙut da ƙut. Ulun tumakin Ingila yana tsallaka teku zuwa masaƙun Filandas, yankin da yau yake arewacin Beljiyam, jiragen ruwa suna kai da kawowa, matuƙa suna kwana a masaukai ɗaya. Giyar da ake sa wa wani fure mai ɗaci da ake kira "hops", wanda ke hana ta saurin lalacewa, baƙi daga wannan yanki ne suka yaɗa dafa ta a Ingila a ƙarni na 15. Kafin nan giyar Ingila ba ta da shi.

Ba "booze" kaɗai ta biyo wannan hanya ba. "Brandy" daga "brandewijn" take, ma'ana ruwan inabin da aka ƙona, wato aka tace da wuta. "Gin" gajarcewar "jenever" ce. Bayan William, ɗan sarautar Holan, ya hau gadon Ingila a 1689, aka sassauta dokar tace barasa, jin ya yi arha har ya zama annoba a unguwannin talakawan Landan, sai da majalisa ta yi ta kafa dokoki, ciki har da ta 1751, kafin abin ya lafa. Har yanzu Bature in ya ce "Dutch courage", jarumtar da giya ta ara wa matsoraci yake nufi. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa "booze" ba bare ba ce a cikinsu.

Zaman da ta yi a zaurancen ɓarayi

Wannan ɓangaren ne yake bayyana dalilin da ya sa kalmar da ta shekara ɗari bakwai a harshe har yau ba ta samu kujera a cikin Turancin ofis ba.

A ƙarni na 16 Ingila ta cika da marasa matsuguni: manoman da aka kora daga gonaki, tsofaffin sojoji, mabarata, 'yan sane. Hukuma ta tsananta musu ƙwarai. Dokar 1572 ta ce wanda aka kama yana yawon banza a yi masa bulala, a kuma huda masa kunnen dama da jan ƙarfe. Mutanen da ke rayuwa cikin irin wannan tsoro dole su nemi hanyar magana da ɗan doka ba zai gane ba, sai suka gina zaurancensu.

A 1566 wani mai dukiya a yankin Kent, Thomas Harman, ya wallafa ɗan littafi don gargaɗin jama'a game da su. Ya ce ya tattara bayanansa ne daga bakin mabaratan da ke zuwa ƙofar gidansa. A ƙarshen littafin ya jera kalmominsu, kuma a ciki akwai "bowse", abin sha, da "bowsing ken", gidan giya, inda ake haɗuwa a sayar da kayan sata a kuma shanye kuɗin. Marubutan wasan kwaikwayo na zamanin suka ɗauki irin waɗannan kalmomi suna sa wa 'yan iskan cikin wasanninsu a baki, jama'a suka saba da su, amma tabon asalin bai goge ba. Rubutun "booze" da muka sani yau, mai "oo" da "z", a ƙarni na 18 ya zauna.

Amurka ta ƙara mata ƙarfi a zamanin haramcin giya, daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933, lokacin da tsarin mulkin ƙasar ya hana dafawa da sayarwa da safarar barasa. Sana'ar ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, labaransu suka cika jaridu da finafinai, finafinan kuma suka kai kalmar ko'ina a duniya.

To ina batun buza ta Larabawa da Turkawa?

Masu cewa daga Gabas kalmar ta zo ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Akwai abin sha mai suna boza a Turkiyya da ƙasashen Balkan, ana yin sa da gero ko alkama, mai kauri da ɗan tsami, giyar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai, kuma a Istanbul akwai shagon Vefa da ke sayar da shi tun 1876. A Masar akwai buza ta alkama, wadda ita tana bugarwa. Ibn Battuta ma, a tafiyarsa ta ƙarni na 14 cikin ƙasar Turkawan arewacin Bahar Aswad, ya ba da labarin wani farin abin sha da aka kawo bayan abinci, ya ɗanɗana ya ji tsami ya ajiye, da ya tambaya aka ce masa da wani irin gero ake yin sa, sunansa buza.

Kamannin sauti a fili yake, kuma duka biyun abin sha ne. Amma masu nazarin asalin kalmomi ba sa tsayawa a kan kamanni. Suna tambayar ina aka fara ganin kalmar a rubuce, da wace ma'ana, kuma ta wace hanya ta bi ta iso. A nan buza ta gaza. Turawan Ingila na shekarar 1300 ba sa shan buza, ba sa sayen ta, kuma kalmar tasu ba sunan wani abin sha na musamman ba ce, aikin ɗirka ce take nufi, daidai da ta maƙwabtansu na Holan da suke cuɗanya da su kullum. Lokacin da matafiya Turawa suka fara rubuta labarin boza, sun kawo ta ne a matsayin baƙuwar kalma da ke buƙatar bayani, alhali "bouse" ta daɗe a gida.

Sauti yana yaudara. A Siriya da Labanan, in ka nemi "buza" a kasuwa, askirim za a miƙo maka, mai danƙo, wanda ake daka shi da taɓarya. Mu ma muna da buzu, kuma ba mai cewa yana da alaƙa da giyar Turawa. Inda aro na gaskiya ya faru, hanyar takan bayyana. Marisa da muke faɗa, ana danganta ta da marisa, giyar dawa ta Sudan, kuma kowa ya san ƙarnonin da Hausawa suka yi suna ratsa Sudan a hanyar aikin hajji, wasu ma suka zauna can.

Wadda ta fito daga Larabci da gaske

Abin da ke ba ni takaici da waɗancan jerin da ake turawa shi ne suna barin gaskiya mai ban mamaki su kama ƙirƙira. Kalmar "alcohol" ita ce Balarabiya, kuma 'yar'uwar wata kalma ce da ke cikin ɗakin kowace uwa a ƙasar Hausa: kwalli. Asalinsu ɗaya, "al-kuhl", garin da ake sa wa a ido.

Masana haɗa magunguna na Turai sun ari kalmar da ma'anar gari mai laushi ƙwarai. Daga nan ta koma nufin tataccen abu, ainihin abin da ya rage bayan an tace. Likitan nan ɗan Suwizalan, Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, ya yi amfani da ita ga abin da ake samu in an tace ruwan inabi da wuta. Zuwa ƙarni na 18 sai ta tsaya a kan sinadarin da ke sa maye. Akwai masu cewa daga "gaul" take, kalmar da ta zo a aya ta 47 ta Suratus Saffat inda aka siffanta abin shan Aljanna. Maganar tana da daɗi a wa'azi, amma rubuce-rubucen da suka nuna tafiyar kalmar mataki-mataki, daga gari zuwa ruwa, kan kwalli suka bi.

'Ya'yan kalmar da za ka ci karo da su

"Boozer" mashayi ne, amma a Ingila yana kuma nufin mashaya, don haka in abokin aiki ya ce a haɗu a can bayan an tashi, gidan giya ya kira ka. "Booze-up" zama ne da aka shirya don sha kawai. Haruffan BYOB a ƙasan katin gayyata suna cewa kowa ya zo da kwalbarsa. "Booze cruise" a Ingila tafiya ce ta yini guda daga Dover zuwa Calais a Faransa don sayo giya mai arha a cika bayan mota, al'adar da ta bunƙasa bayan buɗe kasuwar bai-ɗaya ta Turai a 1993, ta kuma ja baya da aka dawo da ƙayyade yawan giyar da mutum zai shigo da ita ba haraji a 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. A Ostareliya kuwa "booze bus" motar 'yan sanda ce da ke tare direbobi ana gwada numfashinsu.

Wadda ta fi shafar mai kiyaye abin da yake ci ita ce "boozy". A da mutum ake siffantawa da ita. Yanzu ta koma kan abinci: kek, askirim, cakulan, miyar nama, har da madarar da aka kaɗa. Duk inda ka gan ta gaban sunan abinci, an zuba giya a ciki, kuma da gangan aka zuba yadda za a ji ta.

Me ya sa sunayen suke da yawa haka?

Franklin ya ba da amsa a gabatarwar jerin nasa, kuma ina ganin ya faɗi gaskiya. Ya ce yawancin munanan halaye sukan ari sunan wani hali nagari su fake: rowa ta kira kanta tattali, almubazzaranci ya kira kansa kyauta. Buguwa kuwa ba ta da wani halin kirki da ta yi kama da shi, don haka dole ta riƙa kewaye-kewaye, tana sauya suna duk lokacin da aka gane na baya.

Aikin da "booze" take yi a yau ke nan. Tana sauƙaƙa abin, ta mayar da shi wasa. Masu talla sun gane haka, shi ya sa kalmar da ta fito daga bakin mabaratan da ake huda wa kunne take kan allunan gidajen abinci masu tsada. A gefe guda kuma, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce giya ce sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza. Akwai masu ganin kalmar hira ba ta da laifi, har ma masu yaƙi da shaye-shaye a Birtaniya suna amfani da ita don su yi magana da mutane da harshen da suke ji. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma matashin da ya koyi Turancinsa daga waƙoƙi da finafinai yakan haɗu da kalmar ne a wurin dariya da rawa kawai, ba ya ganin ta a ɗakin masu ciwon hanta.

A teburin abinci da kan kanti

Maganar da aka fi yi wa baƙo a gidan abinci ita ce kada ya damu, wuta ta ƙone giyar. Ba haka abin yake ba. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka take amfani da su sun nuna cewa abincin da aka zuba wa giya aka kunna masa wuta a kai yana riƙe kusan kashi 75 cikin ɗari nata. Wanda aka gasa ko aka dafa na minti 15 yana riƙe kusan kashi 40, na awa ɗaya kusan kashi 25, kuma ko bayan awa biyu da rabi akan samu ragowar kusan kashi 5. Kayan zaƙi irin su tiramisu da cakulan mai ruwa a ciki kuwa, galibi giyar da ke cikinsu ba ta ga wuta ba sam.

A jikin kwalba ko gwangwani, haruffan ABV da lambar da ke gefensu su ne ke faɗin yawan giyar da ke ciki. Rubutun "booze-free" magana ce ta talla, ba ma'aunin doka ba. A Amurka da ƙasashen Turai da dama, abin sha da ake sayarwa a matsayin marar giya yana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka lambar ita ce abin dubawa. Hukuncin irin wannan ɗan kaɗan magana ce ta malamai, kuma sun yi bayani a kai, amma mai tambaya yana buƙatar ya san adadin kafin ya kai musu tambayar. In kuwa a gidan abinci ne, a tambayi mai kawo abincin da kalmar "alcohol" kai tsaye, a kuma ƙara da cewa har wadda aka yi girki da ita, domin da yawansu in an ce "booze" abin da ke cikin kofi kawai suke kawowa a rai.